An Baki Wofi

Duk abin da ya faru, kahraba ce, wato wutar lantarki, ta jawo shi. Ƙauyenmu yana gindin dam ɗin Rusairis, in ka hau rufin ɗakina kana ganin wayoyin wuta suna wucewa ta kanmu kamar ba su san mu ba, amma wutar garinmu ba ta taɓa raka fim har ƙarshe ba.

Lokacin ina da nadi, wato rumfar kallo: bencina, talabijin, dish a kan rufi, ƙwallo da kokawa. Wata Juma'a bayan la'asar babu wasa ko ɗaya, mutane kuma sun riga sun zauna, sai na shiga juya tashoshi har na faɗa kan wani fim da aka juya maganarsa zuwa Larabci. Yara ne na wata ƙasar Turawa, kowa an rataya masa kwali mai lamba a wuya. A kira yaro gaban makirifo, a jefa masa kalma, shi kuma ya warware ta harafi bayan harafi. In ya kuskure sai a taɓa wata 'yar ƙararrawa, ting, ya sauka yana haɗiye kuka. Kuma ba wasan kwaikwayo ba ne, yaran gaske ne da iyayensu na gaske. Wani yana rubutu da yatsa a tafin hannunsa, wani ya ce a maimaita masa, wata ta ce a ba ta ma'ana, uban wani yana ta zufa kamar shi za a yanka.

Na ce yanzu za a jefe ni da takalmi a ce in mayar da kuɗi. Ina. Ƙattin da ke fasa min benci in ana kokawa, su ne suka yi tsit. Wani tsoho ya ɗauki wani yaro mai ƙiba da tabarau ya mai da shi jikansa, duk harafin da ya faɗa sai ya ce masa Allah ya yi albarka. Ana cikin haka, yara sun ragu saura 'yan kaɗan, kahraba ta ɗauke. Janareta ba mai. Aka watse ana tsine wa wuta da mai nadi. Washegari da hantsi aka maimaita fim ɗin, na kalle shi ni kaɗai ina shara. Daga ranar, a duk faɗin ƙauyen nan, ni kaɗai na san yadda ya ƙare.

Cikin waɗanda suka kalli rabin nan akwai taubashina, ɗan gwaggona. Tsarana ne, allo ɗaya muka wanke, malami ɗaya ya dake mu. Ni na ɗan leƙa madarasa ta hukuma kafin a gane ba gidana ba ne, shi kuwa ko ƙofarta bai taka ba, ya shiga cinikin dawa. Allah ya buɗa masa: lori, tumbi, jallabiya mai aljihu gaba da baya, da tabarau wanda babu magani a cikinsa ko na kobo. Da ya rufa wa aji biyu kwano sai aka naɗa shi shugaban kwamitin iyaye. Tun daga nan Hausa ta fara yi masa nauyi a baki. Larabci yake yi, yana matso shi daga maƙogwaro kamar mai shirin tofar da kaki.

A duk fim ɗin nan ba abin da ya shiga ransa sai ƙararrawa. Ya tafi Damazin ya sayo ɗaya. Ta fim ba ta fi kofin shayi ba, tasa kuwa in ka kifa ta kaza za ta yi kwanci a ciki. Ya je madarasa ya ce a shirya musabaƙa irin ta Turawa, da kalmomin Larabci, shi zai ba da kyauta, shi zai riƙe ƙararrawa. Ustaza, wata Balarabiya daga Managil, mai haƙuri, wadda Hausarta ba ta wuce sannu da ina kwana ba, ta ce to. Wa zai musa wa mai kwano?

To ga ɗiyata. A ɗakin Innata ta tashi, tare suke kwana, tare suke gulmar kowa, har da ni. Tun kafin ta shiga madarasa Inna ta koya mata babbaƙu a kan rairayin tsakar gida, yadda aka koya mana a allo. Mu kuwa a allo kowane harafi yana da sunansa na gida, an kalli siffarsa an raɗa masa. Wanda 'yan madarasa ke ce wa ain, in ya zo farkon kalma bakinsa a hangame yake, shi ne an baki wofi. In ya shiga tsakiya ya zama an likkafa. Akwai ɗa mai hannu, da sandarsa a tsaye. Mai ɗigo a ka shi ne mai ruwa, don haka shin mai ruwa. Kuma ba faɗarsu ake yi ba, rera su ake yi. Yarinyar ta san sunayen madarasa sarai, ita ce ma kan gaba a ajinsu, amma na Inna su ne a ƙasa, su aka fara zubawa.

Ranar musabaƙa aka taru a inuwar dogonyaron madarasa da safe. An yanka kwalin sabulu an rataya wa yara, an aro makirifon mai waƙar biki. Taubashina ya hakimce a kujera, ƙararrawa a cinya kamar jaririya. Ɗiyata ta yi ta tsallake kalmomi, ni kuma ina bayan fili ina sanar da wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba cewa kaina ta ɗauko. Da aka rage kaɗan, ta matso gaba, makirifo ya yi wata ƙara mai tsinka kunne, ta firgita, ta ɗaga ido ta ga duk garin yana kallonta. Ustaza ta ce aɗshan, wato mai jin ƙishi. Yarinya ta rufe ido, sai kawai muryar Inna ta fito ta bakinta, da rerawar da komai.

"An baki wofi, ɗa mai hannu, shin mai ruwa…"

Bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya kaɗa ƙararrawar nan har tsuntsayen dogonyaro suka yi hijira. Ya fizge makirifo yana dariya, ya ce da Larabci, yarinya bakinta wofi ga kuma mai ruwa ya iso, a taimaka a ba ta ta sha. Fili ya kwashe. Har waɗanda sunayen nan ne kaɗai karatunsu a duniya sun yi dariya, don mai lori ya yi. Ustaza ta tambaya me yarinyar ta ce, ya ɗaga mata hannu ya ce ruɗana ce kawai. Ruɗana, kalmar da Larabawa ke jifan duk harshen da ba nasu ba da ita, shi ya ɗauko ya jefi jininsa. Ɗiyata ta cire kwalin wuyanta, ta ajiye a ƙasa a hankali, ta fita. Ko kuka ba ta yi ba. Da ta yi kuka da na fi samun sauƙi.

Kafin azahar sunan ya riga ta isa gida. Baki Wofi a hanyar madarasa, Baki Wofi a bakin famfo, Baki Wofi a wajen niƙa. Wannan duk da sauƙi, suna ne, ni kaina ina da guda nawa. Abin da ya ƙona ni shi ne, daga ranar yarinyar ta rufe Hausa ta jefar da makulli. Inna ta ce ta miƙo buta, ta amsa mata da hadir ya habboba, wato to kaka da Larabci. Inna ta ja ta da tatsuniya, ta juya wa bango fuska. Ita kuwa Inna Larabcinta na cefane ne, ba na hira ba. Ɗakin da ake kwana ana ƙus-ƙus ya koma kamar ɗakin jiran likita. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce min, "Ɗiyarka ta zama baƙuwa ɗakina. Mi niy yi mata?" Na fito ban sha kunun ba, ni da ban taɓa barin kunu ba ko ranar da aka yi min kaciya.

Na tare shi a kasuwa. Ya dafa kafaɗata, ya ce haba taubashi, wasa ne, ko ka fara tsufa? Nan ya ɗaure ni. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a fushi, duk abin da ya yi maka wasa ne, in ka kai ƙara kai ne abin dariya har jikokinka. Na kwana da tunani iri-iri. Na zuba masa sukari a tankin lori a raina, na sako masa gara a buhuna, na aura masa aljana. Uwargida ta ce in je in gaya wa Gwaggo ta ja masa kunne. Na ce ja kunne a ɗaka? A makirifo ya yi, a makirifo zai karɓa. Kuma tunda wasa ne, da wasa za a biya shi.

Makamin yana hannuna tun tuni ban lura ba. Kullum a nadi sai an tambaye ni yadda fim ɗin nan ya ƙare, ni kuma ina ja musu rai. Har na samo wani a kasuwar Damazin, irinsa amma na kwaikwayo, na kalla ko zan tsinci dabara. Ba komai ciki sai rungume-rungume, ɗan talaka ya ci, mugu ya tuba, kowa ya yi hawaye. Na ce waɗannan ba su taɓa yin taubashi ba.

Sai na fara sakin ƙarshen fim, irin nawa. Na ce ai abin da kahraba ta hana ku gani shi ne zagayen iyaye. Bayan yara sun gama, ubanni ke fitowa, a rataya musu kwali, su ma a jefa musu kalma. Na ce uban yaron nan mai ƙiba shi ya cinye, aka ɗaga shi sama, aka rubuta sunansa a ƙofar madarasa da ruwan zinariya. Na gaya wa mai shayi, na gaya wa wanzami, na gaya wa direban hayis ɗin Rusairis, na koma gefe. Ba a jima ba labarin ya dawo min ta bakin taubashina da kansa, ya yi ƙiba. A gaban jama'a ya ce shi ma ya ga ƙarshen a Damazin, a wani otal, har shugaban ƙasarsu ya zo ya ba uban mota. Na ce ƙwarai kuwa, ja ce ma motar. Ya ce ja ce.

Shi lissafinsa mai sauƙi ne. Zai zauna da ƙararrawa ya yi ta korar ubannin gari ɗaya bayan ɗaya, ya fara da ni. Da bakinsa ya sanar cewa musabaƙar ƙarshen shekara da zagayen iyaye za a yi.

Ni kuma na yi ziyara biyu. Na je wajen ustaza, na tsuguna na zana mata haruffan a ƙasa, na gaya mata sunan kowanne a allo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe yarinyar ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ban roƙe ta komai ba, Allah ya gani. Na dai ambata, a kan hanyar fita, cewa ɗan'uwan nawa dawa yake sayarwa. Ta biyu, na je wajen Gwaggo na ce za a karrama ɗanta a madarasa, bai gaya mata ba ne don kunya. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi, saboda haka raɗarta ma ana jin ta a tsallaken kogi. Ranar musabaƙar na ɗauko mata raksha, keke mai ƙafa uku, na zaunar da ita a sahun gaba, na sa mata matashi.

Ɗiyata ta ƙi shiga musabaƙar yara. Da kyar uwarta ta jawo ta, ta tsaya can baya jikin katanga, fuska a ɗaure.

Aka gama na yara, aka kira ubanni. Ni na fara fita, da kwalin sabulu a wuya, ina ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara. Ustaza ta ce mustashfa, asibiti. Na ce mim, na ɗora sad inda sin ya kamata. Har gobe ina cewa da gangan na yi, uwargida kuma tana cewa ta san iyakar karatuna. Ko ma dai yaya ne, taubashina ya tashi tsaye ya kaɗa ƙararrawa da hannu biyu, tumbi na rawa, awakin unguwa suka tsinke igiya. Aka yi min dariya har da masu faɗuwa daga benci. Na bari suka ƙoshi. Wasu ubannin suka biyo baya, wani ya tsira, wani ya sha ƙararrawa.

Da layi ya ƙare na karɓi makirifo. Na ce saura rufe fili kamar yadda ake yi a fim: mai ƙararrawa shi ne na ƙarshe, kuma ɗan uban da ya fara faɗuwa shi ke karɓar ƙararrawar. Na juya na kalle shi.

"Ko ba haka aka yi ba, taubashi? Kai da ka gani a otal."

Ya kalle ni, ya kalli jama'a. In ya ce ba haka ba ne, to bai ga fim ba, ya yi wa gari ƙarya wata da watanni, har da jar mota. In ya ce haka ne, ga kwali. Jama'a suka fara tafi. Ya ce, da wata murya siririya, haka ne.

Na cire kwalina na rataya masa da hannuna, na gyara masa shi a kan tumbi. Aka buɗa wa ɗiyata hanya. Ta zo tana jan ƙafa, ta karɓi ƙararrawar, ta rungume ta don nauyi.

Ustaza ta gyara mayafi, ta ce, "Esh."

Dawa. Abin da yake aunawa tun ba shi da gemu, abin da ke rubuce a jikin kowane buhu a shagonsa, haruffa uku rak. Ya yi dariya, ya buɗe baki, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ni da muka zauna a buzu ɗaya na san abin da ke faruwa. Yana ganin harafin ƙuru-ƙuru a gabansa, amma suna ɗaya ya san shi da shi a duniya. Na ga yatsansa yana zane a jikin jallabiya, leɓensa yana motsi da rerawar malaminmu. Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya ce a ba shi ma'ana, kamar yadda ya ga yaran fim suna yi. Wani daga baya ya ce a kawo wa Alhaji mudu ɗaya ya gani ko zai gane ta. Zufa ta wanke tabarau.

Gwaggo ta gaji da jiran karramawa. Ta tambayi ta kusa da ita me ake jira, aka yi mata ihu a kunne cewa an ce ya faɗi baƙaƙen esh. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Shi ne ka tsaya kamar an dasa ka? An baki wofi na, ya, shin mai ruwa. Tsumagiya nawa malam yak karya bisa kanka kan wanga harafi? Faɗi mana, ina jin ka."

Mutum zai iya yi wa gari gardama, amma ba uwarsa a sahun gaba ba. Ya sunkuyar da kai, ya yi niyyar faɗa a hankali, ya manta makirifon mai waƙar biki ba ya da sirri.

"An baki wofi. Ya. Shin mai ruwa."

Masunta a kan kogi sun ji. Ina da yaƙinin an ji har can garin Makwar mai nisa. Kowa ya juya ga ustaza. Ta ce sah, daidai ne. Ya saki numfashi, ya fara miƙa hannu zai cire kwali, har ya soma murmushi.

Nan ɗiyata ta ɗaga ƙararrawar sama da kanta ta sake ta. Ta kaɗa, ta kaɗa, ta ƙara kaɗawa, har ɗankwalinta ya zame. Ya ce mata da Larabci ai ustaza ta ce daidai ne. Ta matso bakin makirifo, ta amsa masa da Hausa garau, irin ta ɗakin Inna, Hausar da rabona da jin ta a bakinta tun ranar kwalin nan.

"Baffa, ruɗana ce. Sauka."

Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba, don ni ina ƙasa ina birgima. An ce ustaza ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. An ce Gwaggo ta tambaya ko karramawar ke nan, aka ce mata e, ta yi guɗa.

Suna kuwa ya tashi daga kan ɗiyata ya koma inda ya fi samun wurin zama. Yara suka rubuta shi da yatsa a bayan lorinsa, ya wanke, suka sake. 'Yan dako a kasuwar Damazin, waɗanda ko Hausa ba sa ji, suna kiran Alhaji Baki Wofi a zatonsu sunan kakansa ne. Ya zo nadi yana huci, ya ce in nuna masa fim ɗin nan yanzu-yanzu. Na ce ai a dish ya wuce, sai dai mu koma otal ɗinka. Ya ce na ci mutuncinsa gaban uwarsa. Na dafa kafaɗarsa daidai inda ya dafa tawa, na ce haba taubashi, wasa ne, ko ka fara tsufa?

Da yammacin ranar musabaƙar na wuce ta ƙofar ɗakin Inna na ji ana shewa. Ɗiyata ce ta cusa matashi a riga ta yi tumbi, tana kwaikwayon yadda ya ce a ba shi ma'ana, Inna tana riƙe da ciki tana cewa ta sake, ta sake. Sau nawa ta sake ban sani ba, na bar su a kai.

Ƙararrawar ba ta koma ba. Ya aiko a karɓa, ɗiyata ta ce a fim wanda ya kaɗa ta ƙarshe shi ke tafiya da ita gida. Wannan ba ni na koya mata ba. Na rataye ta a ƙofar nadi, daidai bakin hanyar da lorinsa ke bi in zai fita gari, kuma ba wata hanyar sai ita. Ko ina tsakiyar cin abinci na ji ƙarar injinsa, sai na ajiye lomar na fito.